Sauya Bashi Mai Tsada: A Fara Duba Inshorar

Wanda bashi mai kuɗin ruwa da yawa ya danne a Birtaniya, daidai ne ya nemi wani mai sauƙi ya biya tsohon, amma ya fara duba ko an liƙa masa inshorar PPI, wadda aka ce za ta biya masa idan ya kwanta ciwo ko ya rasa aiki. A ganina soke ta ya fi. A da, an yi shekaru da dama ana haɗa kuɗinta gaba ɗaya da uwar kuɗi, sai mutum ya riƙa biyan ruwa har a kan inshorar, kuma an sayar wa 'yan fansho da masu sana'ar kansu, waɗanda sharuɗɗanta suka hana su cin moriyarta. A shari'ar Plevin ta 2014, Kotun Ƙoli ta ga cewa kashi 71.8 cikin 100 na kuɗin inshorar la'ada ce da aka ɓoye wa mai bashin. Jimillar diyyar da aka biya waɗanda aka sayar wa PPI ta haura fam biliyan 38.

Za a ce, idan ciwo ya zo fa? Tambaya ce mai nauyi, domin tsoron gaskiya ne. Sai dai kariyar ana iya sayenta daban, da idon basira, bayan an duba abin da wurin aiki ke biya lokacin jinya. Tarar biyan tsohon bashin kafin wa'adi kuwa doka ta taƙaita ta, kusan ruwan wata biyu ne. Tarkon da ya fi haɗari shi ne tsawaita shekarun biya: kuɗin wata ya ragu, jimilla ta ƙaru.