Katanga Kaɗai Ba Ta Tsare Dajin Banko

Jama'armu na Adjame da Treichville, a saurare mu. Ga dajin Banko nan maƙwabcin Adjame, kadada fiye da 3,400 a tsakiyar Abijan, wanda doka ta keɓe tun 1953. A cikinsa akwai hanyoyi na wajen kilomita 80 a ƙarƙashin manyan itatuwa, ga rafin Banko yana gangarawa tafkin Ebriye. To, yaran unguwanninmu nawa ne suka taɓa taka su? An bar wa baƙi 'yan yawon buɗe ido, wasu kuwa sun mai da gefensa juji da wurin saran itace.

A 2022 hukuma ta ja masa katangar siminti. Madalla. Amma mu da muka san daji mun san wanda bai san amfanin abu ba, katanga ba ta hana shi ɓarna. Ruwan da ke ƙarƙashin dajin nan na cikin abin da Abijan ke sha. In ya ƙafe, mai kuɗi ya sayi na kwalba, talaka fa?

Saboda haka malamai su kai ɗalibai su taka hanyoyin nan, masu unguwa su hana zuba shara. Rigakafi ya fi magani.