Gudan Jini A Ƙafa: Kafin A Sayo Sabuwar Na'ura

Ma'aikacin da ke tasowa daga Mararaba ko Suleja tun asuba, ya sha cunkoson motoci, ya yini a kujerar ofis, ba kasafai yake damuwa da kumburin ƙafa ba. Sai ya ce gajiya ce. Alhali dogon zama na iya daskarar da jini a manyan jijiyoyin ƙafa, gudan ya ɓalle ya toshe hanyar jini a huhu, a rasa rai. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007 ya nuna haɗarin yana ninkawa bayan tafiyar sa'o'i 4 a zaune.

Na'urar sikanin ta daɗe tana gano irin wannan guda: likita ya danna jijiya, in ta ƙi lotsawa, akwai toshewa. Abin da ba ta faɗa da tabbaci shi ne ko gudan sabo ne ko ya kwana biyu. A nan fasahar auna taurin nama take shigowa, wadda Jonathan Ophir da abokan aikinsa suka gabatar a Amurka a 1991. Sabon salonta yana tura ɗan girgiza cikin nama ya auna saurinta. Gwargwadon tauri, gwargwadon sauri. Gudan jini yana ƙara tauri idan ya daɗe, maganin narkarwa kuwa ya fi cin sabo. Sanin taurin na iya taimaka wa likita zaɓen magani.

Sai dai a cutar hanta fasahar ta kafu. A jijiyoyin ƙafa tana matakin bincike ne har yanzu. Don haka bai dace a gaggauta ba da kwangilar injuna masu tsada da za su ƙare a lulluɓe ba.

Abin da ya wajaba shi ne Ma'aikatar Lafiya ta tabbatar kowane asibitin tarayya yana da sikanin jijiyoyi mai aiki, da ƙwararren da zai sarrafa shi dare da rana. Hukumar inshorar lafiya ta NHIA, wadda dokar 2022 ta kafa, ta sauƙaƙa amincewa da gwajin, domin mai gudan jini ba ya jiran takarda. Asibitocin koyarwa su gwada sabuwar fasahar a kan marasa lafiyar ƙasar nan kafin a yaɗa ta.

Ma'aikaci kuma, in ƙafa ɗaya ta kumbura da zafi, ya nufi asibiti a ranar.