Sha'anin Mota: A Sauƙaƙa Sitiyari, A Bar Sandar Asali

Tun cikin watan Janairu na shekara ta 1994 da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, sayen sabuwar mota ya zama sai wane da wane. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke da tsohuwa ya riƙe abarsa, ana gyara ana tafiya. Shi ya sa har yau ake gamuwa da Land Cruiser ƙirar 40, wadda kamfanin Toyota ya ƙera daga 1960 zuwa 1984, tana ɗaukar buhunan hatsi a kasuwannin ƙauye, ga kuma Marsandi mai gajeren hanci da aka fara fitarwa a 1959, sai jefi-jefi Berliet, wadda sunanta ya ɓace daga kasuwa tun 1980. Ƙarfe ne na gaske, amma da yawansu murza sitiyarinsu sai ƙato. Direban da ya wuni yana juya mota mai lodi cikin rairayi, ko cikin tsukin kasuwar Maraɗi, shi ya san abin da kafaɗunsa ke gaya masa da dare.

Maganin wannan wahala ba sabon abu ba ne. Wani injiniya ɗan Amurka, Francis Davis, ya gwada sitiyari mai aiki da ƙarfin mai tun 1926, kamfanin Chrysler kuma ya fara sayar da motoci masu shi a 1951. Motocin aiki ne suka makara. Ita Land Cruiser ƙirar 40 sai a 1979 aka fara sa ma wasunta. Yadda abin yake kuwa, inji ne ke juya famfo da bel, famfo ya tura mai da ƙarfi cikin akwatin sitiyari, da zarar direba ya karkata hannu sai mai ya ɗauke masa mafi yawan nauyin. Don haka mai tsohuwar mota yakan nemo akwati da famfo na wata mota ta baya-bayan nan, ya kai ma makaniki. A nan ne tambaya ke tasowa: ya za a yi da sandar da ta taso daga akwati ta ratsa daɓen mota har zuwa hannun direba?

Hanya mai sauƙi ga makaniki ita ce ya tumɓuke komai, ya dasa sandar motar da aka ciro akwatin daga jikinta. Sauƙin nasa ne, asarar ta mai mota ce. Sandar asali an auna tsawonta da karkatarta daidai da kujera da gwiwar direba. A jikinta oda take, da makunnin sigina, a wasu motocin ma har da hannun giya, kamar yadda duk wanda ya tuƙa Peugeot 404 ya sani. In aka kawo baƙuwar sanda, sai an yanka allon gaba, an sake wayoyi, kuma sau da yawa a ƙare da sitiyarin da ke gogar cinya ko ya yi ma hannu nisa. Ga kuma maganar daraja: masu neman tsofaffin motoci a Turai da Amurka sun fi sa kuɗi ga wadda ba a ɓata cikinta ba.

Amma babbar hujja ita ce faɗin sitiyarin kansa. Ba don ado aka yi wa tsofaffin motoci sitiyari kamar faifai ba. Faɗin nan shi ne ƙarfin direba. Ranar da bel ya tsinke ko tiyon mai ya fashe, kuma ranar tana zuwa, mota ba ta daina juyawa, nauyinta dai ke komowa hannu gaba ɗaya. Mai babban sitiyari zai iya lallaɓawa ya kai gari. Mai ɗan ƙarami irin na motar shiga, da lodi a bayansa tsakanin Tanut da Agadas, ya gamu da aiki.

Barin sandar yana yiwuwa, sai dai yana son natsuwa. A motocin farko-farko, sanda da akwati abu guda ne: ƙarfen da ke juyawa cikin bututun sandar shi ne ya zarce har cikin akwati, akwatin kuma shi ke riƙe da gindinta. Da an cire akwati, gindin sanda ya zama ba mai tallafi. Dole a yanke ta, a sa rulma, wato boris, a bakin bututun don ƙarfen ciki ya juya a tsakiya, sannan a ɗaure bututun da daɓen mota da maɗauri mai ƙarfi. Wanda ya tsallake wannan, zai ji sitiyari na lilo a hannunsa kafin wata ya ƙare. Wayar oda ma takan ba da mamaki, domin a irin waɗannan motoci ta cikin ramin ƙarfen take bi ta fito ta ƙarƙashin akwati. In aka yanke, sai an sama mata wata mafita. Mota marar oda a hanyar da jakuna da amalanke suka fi motoci yawa ba abin wasa ba ce.

A Land Cruiser ƙirar 40, akwatin asali yana baya kusa da ƙafar direba, motsinsa kuma sai ya bi ta sanduna da gaɓoɓi da dama kafin ya kai ga taya. Masu wannan gyara sukan ɗauko akwatin ƙirar 60, wadda ta fito a 1980, su ɗaura shi can gaba a kan shasi. Gaɓoɓi sun ragu, wasan sitiyari ya ragu, amma tazara ta buɗe tsakanin tsohuwar sanda da sabon akwati, wadda sai an cike ta da wani ƙarfe mai gwiwa a kowane kai, irin gwiwar da makanikai ke kira kardan.

Wannan mahaɗa ita ce ran maganar. Jarabar da ke kama mai gyara ita ce ya haɗa ƙarfe biyu baki da baki ya zuba walda, ya goge, ya shafa fenti. A ido abin sha'awa. Amma zafin walda yana sauya taurin ƙarfe a gefen ɗinkin, girgizar hanyar burji kuma tana cin wurin sannu a hankali, tsagar ba ta nuna kanta sai ranar da ta rabu. Birki in ya lalace, direba na da giya da birkin hannu. Sitiyari in ya rabu, ba shi da na biyu. Abin da ya dace shi ne bakin ƙarfen ya zama mai haƙora ko mai gefe biyu a shafe, ya shige cikin gwiwar daram, a ɗaure da noti mai makulli. Gwiwa guda kada a tanƙwara ta fiye da digiri 30 ko kusa da haka, kuma gwiwoyin biyu su fuskanci juna a jere, in ba haka ba sitiyari zai riƙa tauri da sakewa a kowane zagaye. Shasi ma yana son ƙarin faranti inda aka ɗaure akwatin, domin ƙarfin da a da hannun mutum ke iyakance shi, yanzu famfo ne ke bayar da shi, ba ya kuma gajiya.

Akwai wasu hanyoyi biyu. Ɗaya ita ce a bar sanda da akwati yadda suke, a ƙara silindar mai da ke tura sandunan taya kai tsaye, dabarar da manyan kamiyoyi suka daɗe da sani. Ɗayar kuma ƙaramin injin lantarki ne da ake sakawa a tsakiyar sandar, ƙarƙashin allon gaba, irin wanda Suzuki ta fara fitarwa a 1988. Ya dace da ƙananan motoci masu batir mai bolt 12; ba a yi shi don nauyin dogon baro ba.

Tsohuwar sanda tana da aibinta, kuma ɓoye shi ba adalci ba ne. Miƙaƙƙen ƙarfe ce, in aka yi karo gaba da gaba takan taso ta nufi ƙirjin direba kamar mashi. Don haka ne General Motors ta sa sanda mai lanƙwashewa a motocinta na 1967, dokar Amurka kuma ta tilasta hakan daga 1968. Wanda ya riga ya yanke sandarsa yana da damar rage wannan haɗari: ƙarfen tsakiyar nan ya zama mai shigewa cikin juna, gwiwoyin kuma su ɗan karkace, ta yadda bugu zai naɗe su maimakon ya zarce cikin mota.

Kafin mai mota ya biya kuɗin aiki, ya sa a kashe inji, wani ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama, shi kuma ya duƙa ya bi ƙarfen da ido daga daɓe har akwati. Inda ya ga ɗinkin walda a kan ƙarfen da ke juyawa, ko fenti mai kauri a wurin da bai kamata ba, ya ce a kankare ya gani.