Jinjina Ga Malaman Lissafi, Saura Yaron Da Ya Riga Ya Gane

Yabon gwani ya zama dole. Jinjinata ta yau ta malaman firamare ce masu riƙe da aji 3 da aji 4, tun daga Funtuwa har Malumfashi, da na Bakori da Ɗanja da Ɗandume da Faskari. A hannunku yaro yake fara jin cewa bakwai sau takwas hamsin da shida ne. Kuna wannan aiki a ajin da ya cika ya batse, wani lokaci alli ma daga aljihunku yake fitowa. Da damina ta kankama sai aji ya rame, domin an tafi noma. Da kaka kuma ga ɓarar masara, ga tsinkar auduga. Tun da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, babu gidan da yake tura yaro makaranta a wannan yanki ba tare da fargaba ba. Duk da haka kun ci gaba da fitowa. Allah Ya saka muku da alheri, Ya sa a mizani.

Ina haɗawa da iyaye mata da yayye, waɗanda bayan sallar isha'i suke shimfiɗa tabarma, su kunna fitilar waya, su juya bangon littafin rubutu inda aka buga jadawalin sau, suna karɓar hadda. Wata uwar ko aji ɗaya ba ta taɓa shiga ba, amma ba ta barin yaro ya kwanta sai ta ga ya rufe littafi. Ita ma ta cancanci sannu da ƙoƙari.

To amma akwai yaron da wannan ƙoƙari namu yake tsallakewa, kuma shi ne wanda muke zaton ba shi da matsala: mai kaifin basira. Malam ya cika allo da tambayoyi 30 na aikin gida, duk iri ɗaya. Yaron ya yi na farko, ya yi na biyu, kafin ya kai na biyar ya riga ya gano yadda abin yake tafiya. Sauran 25 ɗin ba su da abin da za su ƙara masa. Sai ya fara gaggawa, rubutu ya lalace, kurakurai su shigo a inda bai kamata ya yi kuskure ba. Wani ya yi ta kuka a kan littafi, wani ya ɓoye littafin ya ce ba a ba su aiki ba. Da safe a kira shi malalaci ko mai taurin kai, wataƙila har da bulala. Idan kuwa ya daure ya gama da wuri a cikin aji, tukwicin da yake samu shi ne a ƙara masa wasu goma irin waɗanda ya gama. Kamar a ce wa manomi ya koma ya sake nome kunyar da ya nome yanzu ne. A haka yaro mai son lissafi yake koyon ƙinsa, kuma muna kallo.

Kada a fahimce ni a baibai: ban ce a daina hadda ba. Mu da muka tashi da allo mun san abin da maimaici yake yi wa ƙwaƙwalwa. Yaron da sai ya ƙirga yatsu kafin ya san shida sau bakwai zai sha wuya ranar da aka shiga dogon rabawa, ya ƙara shan wata a ƙaramar sakandare. Mai basira ma yana buƙatar hadda, har ma ya fi kowa gudunta, domin ya saba abu ya zo masa da sauƙi. Abin da nake roƙo shi ne a rage masa yawan, a ƙara masa nauyin.

A fara da nuna masa cewa jadawalin bai kai yadda yake tsoro ba. Daga 1 zuwa 12 akwai amsoshi 144. Amma ranar da yaro ya jera ƙwayar masara layi 7, kowane layi ƙwaya 8, sannan ya zagaya ya kalle ta ta gefe ya ga ta koma layi 8 mai ƙwaya 7, ya gane da idonsa cewa 7 sau 8 da 8 sau 7 abu ɗaya ne. Nan take 144 ta dawo 78. A cire gidan 1 da 2 da 5 da 10 da 11, waɗanda kusan kowane yaro yake kamawa da wuri, saura 28 kacal. Waɗannan 28 ɗin ma suna da ƙofofi. Sau 4 ninki ne sau biyu. Sau 8 ninki ne sau uku: 7 ta zama 14, ta zama 28, ta zama 56. Sau 9 kuwa sau 10 ne a cire ɗaya: 70 a ɗebe 7, saura 63. A bar shi ya duba 18 da 27 da 36 da 45 ya faɗi abin da ya lura da shi. Idan ya gano da kansa cewa lambobin kowace amsa suna haɗuwa su ba da 9, ba zai taɓa mantawa ba. Sai a ware 'yan waɗanda suke yi masa gardama, a karɓe su da baki na minti biyar kullum, a hanyar masallaci ko ana surfe. Wannan ya fi zaman awa guda ana kwafe abin da aka riga aka sani.

Sauran lokacin a ba shi tambaya mai nama. A ƙasar Funtuwa da Malumfashi ba sai an nemo ta daga littafin da aka rubuta wa yaran wata ƙasa ba. Buhun masara galibi tiya 40 ne; Baba ya kai buhu 7 kasuwar Ɗandume, tiya nawa ke nan? Malaman gona suna ba da shawarar a bar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami. Kunya mai tsawon mita 50 rami nawa za ta ɗauka? Idan ya samo 200, a tambaye shi na kunya 12. Yaron aji 6 mai ƙwazo zai iya bin wannan hanya har ya gano cewa hekta ɗaya tana ɗaukar masara sama da 53,000. Ga kuma zakkar hatsi, wadda manoma a nan suke fitarwa. Nisabi wusuƙi 5 ne, kowane wusuƙi sa'i 60, kowane sa'i mudun Annabi 4. Yaro ya ninka ya samo 300, ya sake ninkawa ya samo 1,200. A gaya masa noman damina ɗaya bisa goma ake fitarwa, wanda aka shayar da inji kuma ɗaya bisa ashirin, sannan a ce: buhu 30 aka samu, nawa ne haƙƙin miskinai a kowanne? Yaron da ya amsa wannan a gaban mahaifinsa ba zai sake tambayar amfanin lissafi ba.

Ku kuma duba 'yan mata. Yarinyar da take fita da tallar awara ko dafaffiyar gyaɗa tana ninka kuɗi a ka, ta ba da canji ba ta ɓata ko naira ba, amma a aji sai ta yi shiru a layin baya saboda an rubuta abin da ta sani da alamar da ba ta saba da ita ba. Malama, ki tambaye ta da Hausa, da kuɗin tallarta, sannan ki rubuta amsarta a allo da lamba. Za ki ga wadda kike nema.

Ya kamata kuma yaran nan su san cewa lissafi gadonsu ne. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, ɗan wannan ƙasa ta Katsina, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan yadda ake jera lambobi a cikin gidaje ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1741, kuma masana tarihin lissafi a duniya suna ambaton sunansa har yau. A zana wa yaro gida 9, uku-uku, a ce ya zuba 1 zuwa 9 yadda ko ta tsaye, ko ta kwance, ko ta kusurwa zai samu 15. Idan ya ci, a tambaye shi dalilin da ya sa dole sai 15. Ranar da ya tara lambobin ya samu 45, ya ga cewa 3 sau 15 ne, ya ɗanɗani abin da tambayoyi 30 iri ɗaya ba za su ba shi ba.

Na san malamin da yake fama da cikakken aji ba zai tsara wa kowane yaro nasa aikin ba, kuma ba haka nake nema ba. Abu ne ƙarami: a ƙasan allo a ƙara tambaya biyu masu wuya, a ce duk wanda ya yi biyar na farko daidai ya tsallake zuwa gare su. Iyaye kuma kada ku yi wa yaro aikinsa don ya daina kuka, kada ku zagi malaminsa a gabansa. Ku taka ku je makarantar, ku gaisa da Malam cikin mutunci, ku nuna masa littafin, ku roƙi wannan alfarma.

Hedimastoci da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi, sauran aikin naku ne. Gwamnatin tarayya tana da makarantar haziƙai a Suleja, akwai kuma Cibiyar Lissafi ta Ƙasa a Abuja mai shirya gasa ga ɗalibai. Yaron ƙauye ba zai ji labarinsu ba sai ta bakinku. Kafin ƙarshen wannan zango, ku nemi kowane malamin aji 4 ya kawo muku sunayen yaran da suke riga kowa gama lissafi, maza da mata, ku bi sawunsu.