Hutun Disamba: Me zai hana ɗalibai mata na Sakkwato su samu gasar ƙwallon kwando tasu?

Da zarar an rufe makarantu a watan Disamba, duk wani fili da ke Wurno da Rabah da Goronyo ya zama na samari. Wannan unguwa ta kara da waccan, kansila ko ɗan majalisa ya sa kofi, wanda ya ci a zaga gari da shi a kan babur. Babu laifi a ciki. Amma ita ɗalibar da ta dawo gida daga kwaleji, hutunta bai wuce daka da wanke-wanke da renon ƙanne ba, in an samu sarari ta dangwali waya.

Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da manyan makarantun Jihar Sakkwato za su haɗa kai su shirya wa ɗalibansu mata gasar ƙwallon kwando a lokacin hutu, ta mata zalla, a cikin sutura, kuma a buɗe ƙofarta ga 'yan matan yankin Rimawa. Na san akwai waɗanda za su ce wannan ba ita ce damuwarmu ba. Zan zo kan hujjojinsu, domin ba na banza ba ne.

Kofin ƙasa, amma ina namu?

A watan Agustan 2025, ƙungiyar mata ta Najeriya, D'Tigress, ta doke Mali da ci 78 da 64 a Abidjan, ta ɗauki kofin Afirka karo na biyar a jere, na bakwai jimilla. Shekara guda kafin nan, a gasar Olamfik ta Paris, ta doke Ostireliya da Kanada, ta zama ƙungiyar ƙwallon kwando ta farko daga Afirka, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen 'yan takwas. Shugaba Bola Tinubu ya sanar da kyautar dala 100,000 da gida da lambar yabo ta ƙasa ga kowace 'yar wasa.

Kowa ya yi murna. Sai dai in ka duba tarihin 'yan wasan, za ka ga da yawansu makarantun Amurka ne suka rene su. Amy Okonkwo, wadda ta zama gwarzuwar gasar Afirka a 2023 da 2025, a jami'o'in can ta yi wasa. Haka Ezinne Kalu da Promise Amukamara. Ita kanta mai horas da su, Rena Wakama, a jihar North Carolina aka haife ta, a can ta yi jami'a.

Ba wai 'yan matan can sun fi namu tsayi ko ƙarfi ba ne. Tsari suka tarar. Tun 1972 Amurka ta yi dokar da ta hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata, har a wasanni. Daga nan jami'o'i suka shiga gina ƙungiyoyin mata. A ƙarshen watan Nuwamba da lokacin hutun Kirsimeti, sai ƙungiyoyi huɗu ko takwas su haɗu a gari ɗaya, su buga wasa biyu ko uku cikin 'yan kwanaki. A irin wannan gasa ta hutu ce mai horaswa ke gane wadda ke da juriya, sabuwar ɗaliba kuma ta fara sabawa da idon jama'a. Abin ya bunƙasa har a 2024 wasan ƙarshe na jami'o'in mata ya samu masu kallo sama da miliyan 18 a talabijin, ya zarce na maza.

Arewa ba baƙuwa ba ce a wannan wasa. Masai Ujiri, wanda ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019, a Zariya ya tashi, a hannun Oliver Johnson, mai horaswa na Jami'ar Ahmadu Bello, ya koyi wasan. Kano Pillars ta sha ɗaukar kofin ƙasa na maza. Murjanatu Musa kuwa, daga ƙungiyar Air Warriors ta Abuja ta fito kafin ta tafi Turai. Wato a gida ma ana iya yi, in an samu fili da mai koyarwa.

Batun sutura da kunya

Hujja ta farko da iyaye za su kawo ita ce ta addini da al'ada: yaya 'yar Musulmi za ta fito tana guje-guje da gajeren wando a gaban maza? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ita ce ba sai ta yi hakan ba.

A da, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta hana sanya abin rufe kai a fili. Saboda haka ne ƙungiyar mata ta Katar ta janye daga wasannin nahiyar Asiya na 2014 a Koriya ta Kudu. Saboda haka ne kuma Bilqis Abdul-Qaadir, Musulma 'yar Amurka da ta ci maki sama da 3,000 a sakandare, ta kasa shiga wasan ƙwararru bayan ta gama jami'a. Ta zaɓi hijabinta, ta shiga fafutuka tare da wasu. A watan Mayun 2017 FIBA ta janye dokar, sabon tsarin ya fara aiki ranar 1 ga Oktoban shekarar. Yau mace na iya buga wasa a kowane mataki da kanta a rufe.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, su ma Turawan da kunya suka fara. An ƙirƙiro wasan a 1891, kuma a 1893, da ɗaliban Kwalejin Smith ta mata suka buga wasansu na farko tsakanin aji da aji, rufe ƙofa aka yi, aka hana maza shiga kallo. In su sun fara a haka, me zai hana mu mu tsaya a haka? Filin da ke cikin katanga, 'yan kallo mata, alƙalan wasa mata, dogon wando mai yalwa da riga mai dogon hannu.

Malamai sun san hadisin da ya nuna Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA). Abin da shari'a ta tsaya a kai shi ne sutura da kiyaye cuɗanya, kuma duka biyun tsari na iya magance su. Don haka a sa malamai mata a kwamitin gasar tun ranar farko, su faɗi sharuɗɗansu, a bi.

Wurno kuwa ba za a koya mata tara mata don abin alheri ba. A ƙasar nan Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru. In an gama girbi, rani ya shigo, sai mata su taso daga ƙauyuka rukuni-rukuni, kowane rukuni ƙarƙashin jaji, dattijuwar da aka amince da ita, su zo su ɗauki karatu su koma su koyar. Ba ina haɗa ilimin addini da wasa ba ne. Tsarin nake nunawa: tafiyar mata a rukuni, da jagora amintacciya, a lokacin da aikin gona ya lafa. Mun gada, ba aro za mu yi ba.

Batun tsaro

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Gabashin Sakkwato na cikin yankunan da 'yan bindiga suka fi addaba. A watan Oktoban 2021 an kashe sama da mutum 40 a kasuwar Goronyo. Tun kafin nan, a Disambar 2020, bayan sace ɗaliban Ƙanƙara, gwamnatin jihar ta rufe makarantun kwana 16 na yankunan da ke cikin haɗari, har da Kwalejin 'Yan Mata ta Gamji da ke Rabah. Duk uban da ya ce ba zai bar 'yarsa ta kwana a wani gari don wasa ba, yana da gaskiyarsa.

Don haka kada a fara gasar a wurin da ba a iya tsarewa. A fara a cikin birnin Sakkwato, a makarantar da ke da katanga da ɗakunan kwanan mata. A yi tafiya da rana, cikin motar makaranta, tare da malamai mata. Wasa ya ƙare kafin magariba.

Amma mu tuna da ɗaya gefen. Abin da ɗan bindiga ya ƙwace wa yarinyar Rimawa ba kwanciyar hankali kaɗai ba ne. Ya ƙwace mata makarantar kwana, da ƙawayen da za ta yi daga wasu garuruwa, da duk wani dalili na fita in ba asibiti ko biki ba. In muka ce komai ya tsaya sai tsaro ya dawo, to waɗanda ke da shekara 18 yau za su wuce ba su samu komai ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Batun kuɗi

Hujja ta uku: jihar da ke fama da yaran da ba su zuwa makaranta, ina ta ga kuɗin wasa? A nan ma ƙwallon kwando ya fi sauƙi. Filinsa mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi. Filin ƙwallon ƙafa ɗaya zai ɗauki irinsa fiye da goma. Daɓen siminti ne da ƙarfe biyu masu ɗauke da kwando a tsayin mita 3.05. Ba ya son ciyawa, ba ya son ban-ruwa, kuma ƙanƙantarsa ce ta sa ake iya kewaye shi da katanga. Mutum biyar-biyar ke bugawa, ƙungiya kuma ba ta wuce mutum 12.

Sannan ga tambayar da ya kamata kowace ɗaliba ta yi. A yawancin manyan makarantunmu, akwai kuɗin wasanni a cikin kuɗin rajista, kuma mace da namiji duk biya suke yi. Ina rabon mata a ciki? In kuɗin na tafiya ne ga rigunan ƙungiyar maza da tafiye-tafiyensu, to mata ne ke ɗaukar nauyin wasan da ba su bugawa. Wannan ba roƙo ba ne, haƙƙi ne.

Ribar kuma ba kofi ba ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar matashi ya motsa jiki na aƙalla minti 60 a kullum, kuma binciken da ta fitar a 2019 ya nuna kashi 85 cikin 100 na 'yan mata masu tasowa a duniya ba su kai wannan mizani. Ɗalibar kwalejin ilimi da ta iya wasan yau, ita ce malamar da gobe za a tura sakandaren 'yan mata a Rabah ko Goronyo. In babu malama mace, darasin motsa jiki a allo yake ƙarewa, domin iyaye ba za su yarda namiji ya horas da 'ya'yansu ba.

Yadda za a fara

Ba sai an jira gagarumin biki a filin wasa na Giginya ba. Ƙungiyoyi shida sun isa. A gayyaci Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Jami'ar Jihar Sakkwato, da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, da Kwalejin Noma da Kiwon Dabbobi ta Wurno. Ta shida ta zama haɗakar ɗaliban Wurno da Rabah da Goronyo da ke karatu a wasu wurare, waɗanda suka dawo gida hutu. A raba su rukuni biyu na uku-uku. Wasa shida ke nan, sai biyu na kusa da ƙarshe, sai na ƙarshe: wasa tara cikin kwana huɗu, 'yan wasa 72.

Disamba ce ta fi dacewa. Sanyin hunturu ya shigo, an gama girbi, ba kamar Afrilu ba da zafin Sakkwato ke haura digiri 40. Kowace safiya kafin wasa, a ware awa ɗaya a koya wa 'yan sakandare riƙe ƙwallo. A shekarar farko wasan ba zai yi kyau ba, wasu ma ranar za su fara sanin dokoki. Ba komai. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Wadda ta yi fice ta samu hanyar zuwa wasannin jami'o'i na ƙasa, ko na kwalejojin ilimi, ko gasar mata ta ƙasa da bankin Zenith ke ɗaukar nauyi.

Aikin na mutane sanannu ne: shugabannin waɗannan makarantu, ma'aikatar matasa da wasanni ta jiha, shugabannin ƙananan hukumomin uku, da 'yan majalisar da ke sa wa samari kofi duk shekara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yan kasuwar shinkafa da albasa da tafarnuwa na bakin Gulbin Rima ma suna iya sayen ƙwallaye da riguna, ko su biya wa wadda ta yi fice kuɗin makaranta na shekara, wanda ya fi kowane kofi amfani a gidan talaka.

Rabah ta haifi Sardauna Ahmadu Bello, mutumin da aka san shi da son wasan fayif tun yana ɗalibi a Kwalejin Katsina, kuma har yau makarantar 'yan matan garin na amsa laƙabinsa na Gamji. Wurno kuma ta san ƙafafun 'Yan Taru. Abin da ake nema daga magadansu bai fi daɓen siminti, da katanga, da kwana huɗu a cikin hutun Disamba ba. Shugabannin makarantu su sa maganar a ajandar zamansu na gaba, ɗalibai mata kuma su je ofishin kula da harkokin ɗalibai su tambayi inda kuɗin wasanninsu ke tafiya.