Zauren Iyali: Haƙƙin Akuya Mai Ciki

Akuyar da ta ɗauki ciki da kaka, haihuwarta tana ƙarshen hunturu, domin cikinta kwana 150 ne. A makonni shida na ƙarshe ne ɗan ya fi girma, daidai lokacin da ciyawa ta ƙare. Amma a gidaje da dama harawa da dusa na ragon kiwo ne, ita kuwa sai tsince-tsince a bola. Wannan tauye haƙƙi ne, kuma hasara ce. Jar akuyar Maradi takan haifi tagwaye. Da wane nono za ta shayar da su? A ba ta rabonta, haɗe da ƴaƴan gawo da kanwa. A share turkenta, a kange shi da zana saboda sanyin asuba. In ta haihu, ƴaƴan su sha dakashi nan take, kada a tatse a zubar.