Kiranyen da ba ya tsallako teku

Jama'a, duk mai Corolla ko Honda Accord ta shekarun 2000, ko mai shiga irinsu a tasha, don Allah ya daure ya karanta wannan har ƙarshe. Da ɗan tsawo, amma maganar rai ce.

Mu nan kiranye a siyasa muka san shi, wato mazaɓa ta ce ɗan majalisarta ya dawo gida. To masu ƙera motoci ma suna yin nasu. Idan aka gano wani lahani a mota da zai iya jawo asarar rai, kamfani yakan aika wa masu ita takarda su kawo a gyara kyauta. Mafi girman kiranyen da aka taɓa yi a tarihin motoci shi ne na jakar iskar nan da ke cikin sitiyari da gaban fasinja, wadda makanikai ke ce wa eyabag, ƙirar wani kamfanin Japan mai suna Takata. A Amurka kaɗai an kira jaka wajen miliyan 67, a duniya kuwa kusan miliyan 100. Abin ya shafi Honda, Toyota, Nissan, Ford, BMW, Mazda da wasu da dama.

Ga yadda matsalar take. A bayan jakar akwai wani ɗan gwangwanin ƙarfe mai ɗauke da sinadari. Da mota ta yi karo, sinadarin ya kama da wuta, iskar da ya fitar ta cika jakar kafin ƙiftawar ido. Takata sun yi amfani da amoniyam naitiret, sinadarin da ake takin zamani da shi, irin wanda ya tarwatsa tashar jiragen ruwan Beirut a 2020. Idan ya shekara da shekaru yana shan zafi da laima sai ya lalace, ranar da ya tashi aiki ya ci da ƙarfin da ya fi ƙarfin gwangwanin. Gwangwani ya fashe, ɓaraguzan ƙarfe su nufi fuska da wuyan direba. Ɗan karon da mutum zai fito ya karkaɗe riga sai ya zama ajali. Hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka, NHTSA, ta tabbatar da mutuwar mutum 28 a ƙasar ta wannan hanya, waɗanda suka ji rauni kuma sun haura 400.

Abin takaicin shi ne an daɗe da sani. Tun 2004 irin wannan jaka ta fashe a wata Accord a jihar Alabama. Kiranyen farko da Honda ta yi a 2008 motoci wajen 4,000 kawai ya shafa. Daga nan aka yi ta ƙarawa kaɗan-kaɗan, mutane na mutuwa. Sai a 2017 Takata ta amsa laifin zamba a kotun Amurka, cewa ta murɗe sakamakon gwaje-gwajenta, aka ɗora mata dala biliyan 1. Ku dubi rabon kuɗin: miliyan 850 na kamfanonin motoci, miliyan 125 na waɗanda abin ya rutsa da su, miliyan 25 tara. A watan Yunin shekarar kamfanin ya durƙushe.

Duk da haka can an tilasta gyara. An bi masu motoci da wasiƙa da waya da saƙon tes, Honda har gida-gida ta tura mutane suna ƙwanƙwasa ƙofa. Ostireliya ta mayar da kiranyen dole a 2018. A watan Fabrairun 2023 Honda ta ce masu wasu Accord da Civic na farkon shekarun 2000 su daina tuƙa su gaba ɗaya sai an gyara. A Janairun 2024 Toyota ta faɗi haka a kan motoci wajen 50,000, ciki har da Corolla 2003 da 2004 da RAV4 ta 2004 da 2005.

Yanzu ku sake karanta sunayen nan. Corolla 2003. Accord da muke ce wa EOD, da ƙanwarta DC, su ma suna cikin jerin waɗanda aka kira. Su ne fa motocin malamin makaranta da ma'aikacin gwamnati, su ne ke jigila tsakanin Kano da Kaduna da Abuja, su ake kai amarya da su. Dokar tarayyar Amurka ta hana sayar da sabuwar mota mai kiranyen da ba a gyara ba, amma ba ta hana sayar da tsohuwa ba. Don haka mota na iya fita daga wurin gwanjo, ta hau jirgin ruwa, ta sauka Legas ko Kwatano da lahaninta, takardar kiranye kuma tana can tana zuwa adireshin Baturen da ya rabu da ita tuntuni. Kuma da aka tashi gyara a Amurka, da yankuna masu zafi da laima irin su Florida aka fara, don nan haɗarin ya fi yawa. Zafinmu na bazara da laimar damina ba sai na ba kowa labari ba.

Tambayata ga abokaina a nan: a cikinmu wa kamfanin mota ya taɓa kira ya ce kawo motarka a canja maka wani abu kyauta?

Na san amsar da kamfani zai bayar. Zai ce ba ni na sayar maka ba, motar nan don kasuwar Amurka na ƙera ta, ban san ta zo Zariya ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin ba mu da wani tsayayyen kundi da zai nuna wa ke riƙe da wace mota bayan ta canja hannu sau biyar. Amma ni ban karɓi wannan a matsayin uzuri ba. Lahanin daga masana'anta ya fito, ba a hannun dillali ya same ta ba. Tambarin da ke goshin motar bai goge ba don ta tsallako teku. Tokumbon nan ce ma ta gina musu sunan da suke sayar wa gwamnatoci da bankuna sababbin motoci da shi, Honda har wurin haɗa motoci gare ta a Ota ta jihar Ogun. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sanarwa a rediyo da Hausa da Yarabanci da Ibo, da ware ranakun duba motoci kyauta a manyan garuruwa, ba abin da zai gagare su ba ne.

Hukumominmu ma da nasu. Tun 2022 kwastan ke amfani da lambar shasi, wato VIN, wajen yanke harajin mota. Lambar nan ita ce dai ake duba kiranye da ita. Idan za a iya buga ta don a san nawa za a karɓa, me zai hana a buga ta don a san ko motar na ɗauke da abin da zai kashe mai ita? Muna da FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, muna da FRSC da ke tare mu a hanya kan tukunyar kashe gobara. Tsakaninsu ya kamata a samu wanda zai zaunar da wakilan kamfanonin nan, ya sa su faɗa a rubuce abin da za su yi wa mai tokumbo.

Sai dillalai, kuma a cikinsu akwai 'yan uwa da abokan arziki. Ranka ya daɗe, kafin ka sayi mota a gwanjo ka ga hotunanta da tarihinta, duba kiranye ba zai ci maka minti biyu ba. Ɓoye aibin haja haramun ne, kowa ya san wannan tun daga makarantar allo. Wanda ya sani ya yi shiru, ya san da wa zai yi bayani. Haka makanikin da zai je Ƙofar Ruwa ko Panteka ya ciro tsohuwar eyabag daga motar da aka yanka ya ɗaura wa mutum, mai yiwuwa ainihin wadda ake gudu ce ya saka masa.

Za a ce ai komai ƙaddara ce. Haka ne, babu mai wuce ranarsa. Amma ba mu taɓa cewa haka mu bar mota ba birki ba.

Abin da kowa zai iya yi yau: lambar shasi na jikin dashbod ta ƙasan gilashin gaba, ɓangaren direba, ko a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Haruffa da lambobi ne guda 17. Idan motar daga Amurka ta zo, shiga nhtsa.gov/recalls ka rubuta ta, kyauta ne, zai nuna maka kiranyen da ba a gyara ba. Idan ta Turai ce ko Kanada ko Dubai, a duba shafin kamfanin na can. In ta nuna akwai, ka je wurin wakilin kamfanin na ainihi da shaidar a wayarka, ka nemi gyara. In sun ƙi, ka ce su ba ka a rubuce, ka kai ƙorafi FCCPC. Kada ka bari a taɓa maka ita a bakin titi da guduma da sukundireba. Mutum ɗaya za a iya sallamarsa da "sai mun tuntuɓi hedikwata", amma mutum dubu masu takarda a hannu ba a sallamarsu haka.

Wanda ya duba tasa ya faɗa mana abin da ya gani, wanda kuma ya taɓa zuwa wurin wakilan ya ba mu labarin yadda suka karɓe shi. Ku tura wa direbobin gidanku da shugabannin tasha. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya kare mu a hanyoyinmu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.